Jawabin mushen lakwal a kan maɗigar jariri



Ana haifuwar jariri ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, don kai ya matsu ya fito, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Taushin nan na gaba shi ne maɗiga. Tana rufewa tsakanin wata 12 da 18, wani yaron har shekara 2. Akwai wata ƙarama wajen ƙeya, mai rufewa cikin wata 2 ko 3. Motsin da kuke gani bugun jini ne, ba ciwo ba. Ku wanke kan ba tsoro.

To, ga abin lura. In yaro yana zawo, maɗiga ta lotsa, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Dakakkiyar saiwar da kakanni ke shafawa ba ta maida ruwa. A ci gaba da ba shi nono, a dama ƙunshi ɗaya na SRO cikin litir 1 na ruwa mai tsabta, ana ba shi kaɗan-kaɗan, ana kan hanyar likita.

In kuwa ta kumbura alhali yaro ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ku tuna sanƙarau da ya faɗa wa jihar Damagaram a 2022 da 2023. Kada a jira gari ya waye, a ɗaura amalanke.