Yaron Shago da Littafin Ciniki

Yaron da zai fara zaman shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari, tarbar mai saye ake fara koya masa, kuma hakan daidai ne. Amma kafin a damƙa masa kuɗi, ya iya rubuta ciniki: me ya fita, nawa, wa ya ci bashi. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ciniki da yawa ya koma taransifa da POS, kuma saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa ba kuɗi ba ne sai sun shiga asusun maigida. Yaron da bai san wannan ba zai saki kaya, gobe a ɗora masa sata.

Wasu za su ce iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja bisa amana. Haka ne, sai dai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Idan kuma yaron bai yi boko ba, ajami ya wadatar, kuma maigida ne ya kamata ya zauna ya koya masa tun makon farko.