WURIN DA YA KAMATA A KAFA AKURKIN KAJI A CIKIN GIDA

Wannan jawabi a kan akurkin kaji yake, musamman wurin da ya kamata a kafa shi a cikin gida. Sanin kowa ne kaza ita ce asusun talaka. Da ita uwargida ke sayen magani in yaro ya kwanta, da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake karɓar baƙo. Amma sau da yawa akan sayi kaji masu kyau, a sayi abinci da magani, sa'an nan a kafa musu ɗaki a duk lungun da ya rage a gidan. Asarar da ke biyo baya akan ɗora ta a kan annoba, alhali kuwa wurin ne bai dace ba tun farko.

An ɗauki garin Mubi na Jihar Adamawa a matsayin misali, domin kusan duk abin da mai kiwo zai yi la'akari da shi akwai shi a can. Garin yana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, kogin Yedzaram kuma ya ratsa ta cikinsa. Akwai gangare, akwai fadama, akwai unguwanni masu cunkoso kamar Lokuwa da Kolere da Sabon Layi, akwai kuma sababbin filaye a bayan gari. Damina takan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, hunturu ya biyo, sa'an nan bazara a Maris da Afrilu. Abin da ya yi amfani a Mubi zai yi amfani a Katsina ko Gusau ko Bauchi.

RANA DA ISKA

Zafin jikin kaza yakan kai awo 41 a ma'aunin santigireti, ga shi kuwa ba ta gumi. In zafi ya dame ta, sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Da zarar zafin ɗaki ya wuce awo 30 sai ta rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. A bazarar Mubi kuwa, zafin rana tsaka yakan kusanci awo 40, wanda ke iya kashe manyan kaji a ƙarƙashin rufin kwano.

Saboda haka lalle ne tsawon akurki ya miƙe daga gabas zuwa yamma, domin rana ta bi ta bisa rufi, kada ta leƙa ta gefe. Bangon gabas da na yamma a toshe su, tun da yake hadarin farkon damina yawanci daga gabas yake tasowa, rana mai zafi kuma ta yamma take faɗuwa. Gefen kudu da na arewa a sa musu waya mai raga don iska ta ratsa. In hunturu ya kama, iskarsa daga arewa maso gabas take zuwa, sai a rataya buhu ko zana a gefen arewa da dare, a ɗage da hantsi. Kada a manna akurki a jikin katangar da rana ke duka da la'asar, gama siminti yakan riƙe zafi har tsakar dare.

ITATUWA DA INUWA

Ba kowace inuwa ce ke da amfani ga kaza ba. Abin da ake bukata shi ne hasken safe ya shiga ya busar da daɓe, inuwa kuma ta rufe ɗakin daga azahar zuwa la'asar. Watau itacen ya kasance yamma da akurki.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya yake, an kuma fara shuka shi a Borno a shekarar 1928. Yana da inuwa a bazara, shi ya sa ya fi yawa a gidaje. Gawo kuwa yana da wata baiwa ta dabam: yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Ke nan yana ba da inuwa lokacin da ake nemanta, ya bar rana ta busar da ƙasa lokacin laima. Kuka akasin haka take, domin a tsakiyar zafi ba ta da ganye ko ɗaya. Mangwaro inuwarsa ta cika duhu, ƙasan gindinsa ba ta bushewa da wuri, 'ya'yansa kuma in sun faɗo sun ruɓe sukan tara ƙuda da ɓera. Itacen turare yakan yar da reshe ba zato in iska ta taso. Zogale da gwanda ba su da babbar inuwa, amma suna saurin girma, ganyen zogale kuma abinci ne ga kaji. Cika-gida da bini-da-zugu 'ya'yansu guba ne, kada a bar su inda kaji ke tono.

Ko wane itace ne, kada a gina akurki daidai gindinsa. A ja baya kamar mita 3 zuwa 5, watau ƙafa 10 zuwa 16, a sare duk reshen da ya rufa a kan rufin. Dalilai uku ne. Na farko, saiwa takan fasa daɓe da harsashi, in kuma aka datse manyan saiwoyi wajen haƙa, itacen zai raunana, wata rana iska ta kayar da shi a kan gida. Na biyu, reshe hanya ce ga maciji da muzuru da gafiya, shaho da shirwa kuma a kansa suke zama suna dakon 'yan tsaki. Kaskar kaji ma a ƙarƙashin ɓawon itace take ɓuya da rana, ta fito da dare ta sha jini. Na uku, tsuntsayen da ke kwana a bisa sukan zubo kashi cikin abinci da ruwa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna, kuma tun daga lokacin likitocin dabbobi ke gargaɗi a raba kajin gida da tsuntsayen daji.

RIJIYA DA FAMFO DA MAGUDANA

Kashin kaza taki ne mai kyau a gona, amma cuta ne a ruwan sha. In ruwan sama ya wanke shi ya gangara cikin rijiya, yara ne ke fara kamuwa da gudawa. Don haka a kafa akurki a ƙasa da rijiya, ta yadda ruwan da ya bi ta kansa zai gangara nesa da ita. Tazarar kada ta gaza mita 15, in da fili a kai ta 30. Rijiyar maƙwabci ma a lissafa da ita, gama katanga ba ta tare ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Kafin a sa diga, maigida ya bincika inda bututun famfo ya bi, domin a gidaje da yawa ba a binne shi da zurfi ba. Kada a yi gini a kan murfin salga ko ramin ruwan wanka, saboda nauyi na iya rufta shi, ranar kwashewa kuma sai an rushe akurkin. Haka nan kada a toshe kwata. Mazauna kusa da Yedzaram da sauran wurare masu kwari su duba iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a daminar da ta fi ƙarfi, su hau sama da nan. Ko'ina ne, a ɗaga daɓe kamar ƙafa ɗaya bisa ƙasa, gama laima ita ce uwar cututtukan ciki na kaji.

WAYAR LANTARKI

Wannan batu ne na rai. Ƙa'idar ƙasa ta hana gini a ƙarƙashin manyan wayoyi. Layin da ke ɗauke da ƙarfin wuta dubu 11 ko dubu 33 yana da haƙƙin fili na mita 11, watau mita 5 da rabi a kowane gefe. Manyan layuka masu hasumiyar ƙarfe nasu ya fi haka nesa ba kusa ba. Akurki yana da rufin kwano da ragar ƙarfe, in waya ta tsinke ta faɗa masa, duk wanda ya taɓa shi ya shiga hatsari, yawanci kuwa mace ce ko yaro ke zuwa ɗaukar ƙwai. Reshen da ya taɓa waya kada maigida ya hau ya sare da kansa. Ya sanar da ofishin kamfanin rarraba wutar lantarki, wanda na Yola ne ke kula da Adamawa da Borno da Taraba da Yobe. Mai son sa ƙwan lantarki a akurki ya kira ƙwararre, wayar ta bi cikin bututu ta sama. Janareto kuma a nisanta shi, domin hayaƙinsa yana kashe 'yan tsaki, ƙararsa tana hana kaza saka ƙwai.

IYALI DA MAƘWABTA

Akurki ya yi nesa da madafa da ɗakunan kwana, amma ya kasance inda ido ke kai masa, inda kuma za a ji kukan kaji da dare in ɓarawo ko muzuru ya shigo. Kada a kafa shi a ƙarƙashin tagar maƙwabci. Wari da ƙuda sun sha raba zumunci, har magana ta kai gaban mai unguwa ko duba-gari. Tun da wuri a auna fili da yawan kaji: manyan kaji uku ko huɗu a kowace murabba'in mita.

ABIN YI KAFIN A FARA GINI

1. A kafa turaku huɗu a wurin da aka zaɓa, a duba inda inuwa take da hantsi, da azahar, da la'asar.
2. A duba inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama.
3. A ɗaga kai a dubi waya da rassa, a bincika abin da ke binne a ƙasa.
4. A auna tazara zuwa rijiya da madafa da tagar maƙwabci.
5. A nemi shawarar malamin gona ko likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, a tambaye shi kuma lokacin allurar rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin alluran rigakafin cututtukan kaji.

Kwana biyu ko uku na dubawa ba su cin ko kwabo, amma akurkin da aka gina a mugun wuri sai an rushe shi kafin a gyara. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya sa albarka a kiwo, ya kare jama'a da dukiyarsu, amin.