Horar da Masu Shirya Bikin Fina-finai



An soma bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu cikin 1969, kuma Umaru Ganda, mutumin Nijar, shi ya fara cin babbar kyautarsa a 1972. A 1976 aka buɗe makarantar koyon aikin fim a birnin. To, amma iya riƙe kyamara daban, iya riƙe biki daban. Mai biki shi ke tace fina-finai ba sani ba sabo, ya nemi iznin masu su, ya sa a fassara maganganun 'yan wasa, sa'an nan ya san inda kuɗin masaukin baƙi zai fito. Allo kaɗai ba ya koyar da wannan. A ganina, kada a ba ɗalibi takardar shaida sai ya yi hidimar biki biyu a ƙarƙashin gwani.