Abokin da ya zo da kwalin magani

Jawabin yau a kan wata sana'a ne da ta shigo garuruwa. Ba baƙo ke kawo ta ba. Aboki ne, ko ɗan ƙane da ya komo daga Yamai ko Maraɗi, da jaka cike da kwalaye: shayi, da sabulu, da ƙwayoyin ƙarin ƙarfi.

Ga yadda abin yake. Mutum ya biya kuɗin shiga, a ce jikka 100. A ba shi kwali guda na kaya. Sannan a gaya masa babbar riba ba ta ga saida kaya, tana ga kawo mutane. Ya kawo 5, kowa ya biya jikka 100, shi kuma a yaga masa wani abu. Su 5 ɗin kowa ya nemo nasa 5.

To, kowa ya ɗauko allo da alli. Layi na farko mutum 5. Na biyu 25. Na uku 125. Na huɗu 625. Garin da ke da mutum 600 ya ƙare ke nan, har da jarirai da tsofaffi. Layi na 11 yana bukatar mutum miliyan 48 da ɗoriya, alhali ƙidayar 2012 mutum miliyan 17 ta iske a Nijar duka. Na ƙasa su ne masu yawa, kuma ba su da wanda za su kawo. Kuɗinsu ne na sama ke ci.

Waɗansu na cewa ai kamar asusu ne. A'a. Asusun Mata Masu Dubara, da aka soma a jihar Maraɗi a 1991, kuɗinsa na cikin akwati a gari, ana ƙirga shi gaban kowa, ran rabo kowace ta ɗauki nata. Wanga kuwa, in kuɗin ya fita gari ya tafi ke nan.

Shi abokin, sau da yawa ba ɓarawo ba ne. Shi ma rago ya saida, ko hatsin rumbu, ga kaya jibge a ɗaki babu mai saye. Yana neman ya fanshe hasararsa. Wa zai nufa? Wanda zai ji kunyar ce masa a'a: amini, ko suruki.

Abin da ya fi muni shi ne zancen lafiya. Sai a ce shayi guda yana warkar da ciwon suga, da hawan jini, da rashin haihuwa. Mai hawan jini ya aje maganin likita ya kama shayi. Hawan jini kuwa ba kullum yake sa ciwo ba, sai ran da ɓarin jiki ya shanye.

Hukumomi sun san da zancen. A 2016, a Amurka, kamfanin Herbalife ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 200 don a maida wa masu saida kayansa da suka yi hasara.

In abokin ya zo, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa. Sannan a tambaye shi: wanda ya shiga bai kawo kowa ba, nawa yake samu a wata? Kwalin kuma a kai ma malamin likita ya karanta kafin wani ya sha.