Jawabi Kan Sayen Kayan Su

Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan'uwa mazauna Keffi.

An ce in yi magana kan kayan su, ganin matasanmu na zuba kuɗi a banza. To jama'a, ruwa ake dubawa kafin a sayi ƙugiya. Manyan ƙugiyoyi da zare mai kauri da ake kawowa daga Legas na bakin teku ne, inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, gishiri kuma ke cin ƙarfe. Mu nan Antau gare mu, wanda ke janyewa da rani. Me za ka kama da su?

Ƙaramar fatsa, siririn zare, 'yar dalma da tana sun isa tarwaɗa da karfasa. Ku lura, in lambar ƙugiya ta yi sama, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Nan ake yawan ruɗewa a kasuwa. Mai zuwa Loko, bakin Binuwai, neman giwan ruwa, shi ke bukatar mai ƙwari.

Sai batun raga. Don Allah a bar su da gidan sauro. Yana kwashe 'ya'yan kifi, baɗi kowa ya tashi hannu wofi.