Jawabi kan tsargiya, ciwon ruwan tabki



Yaro mai fitsarin jini ba balaga ya yi ba, tsargiya ce ta kama shi. In ta daɗe, tana ɓata mafitsara da ƙoda.

Ga hanyarta. Mai ciwon ya yi fitsari cikin tabki, ƙwan tsutsa ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta shiga katantanwa ta hayayyafa. In ta fito, sai ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Shanu da tumaki ma suna da irin tasu, kashinsu ke maida ta ruwa.

A 2004 gwamnatin Nijar ta fara rabon maganinta kyauta a makarantu. Wanda ya ga jini, ya je likita Madawa. Kada a yi fitsari a tabki. A yi wanka da ruwan rijiya.

Allah ya ba da lafiya.