Ranar Da Kyanwa Ta Hana A Gina Gida: Lacca Kan Izinin Gini A Ƙauyukan Ingila Da Ailan



Muna godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ba mu wannan dama. Batun da muka zaɓa yau, watau dalilan da kan sa hukuma ta hana mutum gina gida a ƙauye, mai yiwuwa ne wani ya ga kamar ya yi nisa da mu, tun da misalanmu daga Ingila da Ailan za mu ɗebo su. Amma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan, nan da 'yan shekaru kaɗan su ne za su riƙe alƙalami a ma'aikatar filaye ko a ƙaramar hukuma, talaka ya zo da takardarsa ya tsaya a gabansu. Wanda zai ce wa mutum "a'a" da sunan gwamnati, ya kamata tun yanzu ya san abin da ake kira dalili.

Bari mu fara da tushen al'amarin. A shekarar 1947 Majalisar Birtaniya ta kafa dokar tsara birane da ƙauyuka, wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 1948. Daga wannan rana mallakar fili daban, ikon gini a kansa daban. Gona taka ce, ka gāda kaka da kakanni, amma ba ka aza tubali ɗaya na sabon gida sai hukumar yankinka ta yarda. Ƙasar Ailan ta kafa irin tata dokar a 1963. Manufar ita ce kada birni ya riƙa malala yana cinye gonaki, kada kuma gidaje su watsu barkatai inda kai musu hanya da ruwa da lantarki zai zama nauyi a kan kowa. Har nan babu abin mamaki. Abin mamakin yana cikin dalilan da aka riƙa rubutawa a takardun hani.

Na farko shi ne kyanwa. A kudu maso yammacin Landan, cikin gundumomin Surrey da Hampshire da Berkshire, akwai wani daji mai gajerun tsirrai da ake kira Thames Basin Heaths. A 2005 aka sa shi cikin wuraren da doka ta kare saboda wasu tsuntsaye iri uku waɗanda ke yin sheƙa a ƙasa ko dab da ƙasa. Daga nan hukumomin yankin suka tsai da ƙa'ida cewa ba a ƙara sabon gida cikin tazarar mita 400 daga bakin dajin. Babban dalili kuwa, mai gida yakan ajiye mage, mage kuma takan fita yawon dare ta cinye 'yan tsaki. Idan mai neman izini ya rantse cewa shi ba ya kiwon mage, sai a ce masa gida ya fi mai shi tsawon rai, kuma babu ma'aikacin da zai riƙa bin ɗaki ɗaki yana ƙidayar kyanwoyi bayan an sayar da gidan. Daga mita 400 zuwa kilomita 5 ana barin gini, da sharaɗin magini ya biya kuɗin tanadar wani filin shan iska, domin masu yawo da karnuka su rage shiga dajin.

Na biyu shi ne taurari. Kudu da Manchesta akwai wurin binciken sararin samaniya na Jodrell Bank, inda a 1957 aka kammala wani ƙaton faifai mai faɗin mita 76, wanda aikinsa sauraren raƙuman rediyo masu zuwa daga nesa ƙwarai. Waɗannan raƙuma raunana ne, har kayan lantarkin gida na yau da kullum suna iya danne su, kamar yadda kiɗan biki ke danne muryar mai raɗa. A 2016 ministan da ke kula da ƙananan hukumomi ya ƙi yarda a gina gidaje 119 a ƙauyen Goostrey, maƙwabcin wurin, saboda wannan dalili, alhali kuwa yankin na bukatar gidaje. A 2019 hukumar UNESCO ta sa Jodrell Bank cikin wuraren tarihi na duniya.

Na uku shi ne ruwan kogi. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a wata shari'a daga Holan, cewa wurin da doka ta kare, idan ya riga ya gurɓata, ba a yarda da sabon aikin da zai ƙara masa ƙazanta sai an tabbatar ba zai cutar ba. A 2019 wannan hukunci ya kai ga tsai da ba da izinin sababbin gidaje a kwarin kogin Lugg, cikin gundumar Herefordshire, domin sinadarin fosfet da ke cikin ruwan bayan gida yana haifar da gansakuka mai shaƙe kifi. Ya zuwa Maris 2022 irin wannan sharaɗi ya shafi hukumomi 74 a Ingila. To, ga inda gizo ke saƙa: binciken da aka yi ya nuna mafi yawan fosfet ɗin da ke shiga kogin Wye da rassansa, har da Lugg, daga gonaki yake fitowa, a yankin da ake kiwon miliyoyin kaji. Saurayi mai son gina ɗaki uku ya kai amaryarsa aka tsayar, kashin kaji kuwa ya ci gaba da bin ruwan sama zuwa kogi. Daga baya hukumar gundumar ta gina fadamun tace ruwa, ta riƙa sayar wa magina rabo a ciki kafin a ba su izini.

Mu tsallaka teku zuwa Ailan, inda rikicin ya fi zafi domin mutanenta sun saba kowa ya gina gidansa a gefen gonar ubansa. A 1971 wani mai zanen gini, Jack Fitzsimons, ya buga littafin zanen gidaje masu araha mai suna Bungalow Bliss, mutane suka yi ta saye suna gini da shi a bakin hanyoyi. Ganin haka, ƙa'idojin da gwamnati ta fitar a 2005 suka ja kunne kan jerin gidaje, suka fassara shi da gida 5 ko fiye a gefe ɗaya na hanya cikin tsawon mita 250. Ke nan ana iya hana ka don kawai mutum huɗu sun riga ka.

Waɗannan ƙa'idoji ne kuma suka ƙarfafa abin da ake kira bukatar ɗan gari. A ƙauyukan da ke kusa da birane, sai mai nema ya kawo shaidar cewa a nan ya tashi, ko a nan yake aiki, ko noma ya ɗaure shi a wurin. Mutane sukan haɗa takardun makaranta da wasiƙun ƙungiyoyin wasanni don su nuna su 'yan ƙasa ne. Idan an ba da izinin, galibi akan sa sharaɗin mai shi ya zauna a gidan shekara 7 kafin ya sayar wa wanda ya ga dama. A 2013 Kotun Tarayyar Turai ta ce wata doka mai kama da wannan a yankin Flanders na Beljiyam ta saɓa wa 'yancin zirga-zirga, abin da ya jefa shakka kan tsarin Ailan. Mu da muka san zafin takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da irin wannan sharaɗi ke haifarwa ba.

Har ila yau akwai harshe. Dokar tsara ƙasa ta Ailan ta 2000 ta ɗora wa hukumomi nauyin kare harshen Ailan a yankunan da ake kira Gaeltacht, inda har yanzu ake magana da shi a gida. Saboda haka a wasu gundumomi, kamar Galway, idan za a gina rukunin gidaje a irin wannan yanki akan keɓe wani kaso ga masu jin harshen, har a yi wa mai son shiga jarrabawar baka. Hujjarsu ita ce ƙauye mai gida 50, idan aka ƙara masa gida 30 na masu Turanci zalla, harshen filin wasan yara zai juya cikin tsara ɗaya.

Sa'an nan akwai ƙasa ita kanta. Gidan ƙauye ba shi da babban magudanar birni, sai sokawe. A 2009 Kotun Turai ta sami Ailan da laifin rashin kula da sokawen gidajen karkara, aka kafa dokar yi musu rajista a 2012. Kafin a ba da izini akan haƙa rami a filin, a zuba ruwa, a auna lokacin da zai ɗauka kafin ya tsotse. Idan ya yi saurin wucewa, ƙazanta za ta kai rijiyar maƙwabci ba a tace ba. Idan ya kwanta, za ta taso saman ƙasa. A gundumar Leitrim mai ƙasar laka, filaye masu yawan gaske sun faɗi wannan gwaji, ga shi kuwa ita ce gundumar da ta fi kowace ƙarancin jama'a, wadda ta fi bukatar samarinta su zauna gida.

Jama'a, ba kowa ke haƙuri da hani ba. Wani manomi a Surrey ya gina gida mai siffar fadar sarakunan dā ba tare da izini ba, ya ɓoye shi a bayan tarin damman ciyawa da tamfol har shekara 4, domin a lokacin doka ta ce ginin da ya kai shekara 4 da kammalawa ba a taɓa shi. A 2006 ya kwashe ciyawar. Babbar kotu a 2010 ta amince da cewa kwashe ciyawar ma wani sashe ne na aikin ginin, saboda haka daga ranar za a fara ƙirga. A 2016 aka rushe gidan. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Amma ga wani abin dubawa: tun 1997, zamanin minista John Gummer, ƙa'idar Ingila ta buɗe ƙofa cewa ana iya barin gida shi kaɗai a tsakiyar karkara idan zanensa ya yi fice wajen kyau. Wa ke da kuɗin ɗaukar gwanin zane da lauyan da za su tabbatar da wannan fice? Lalle ba ɗan ƙwadagon gona ba.

To, mene ne ya haɗa mu da wannan duka? Dokar tsara gari ta Nijeriya ta 1946 daga ta Ingila ta 1932 aka kwaikwayo ta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara, kana doka mai lamba 88 ta 1992 ta shimfiɗa tsarin neman izinin gini. Bugu da ƙari, mun taɓa ɗanɗana dalili mai ban mamaki a ƙasar nan. A ƙarƙashin dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, an bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga wannan gefe ya kai wancan. Yadi 440 kusan mita 400 ke nan, daidai da tazarar kyanwar Surrey. Amma kuku da boyi a bayan gidan Bature suke kwana, sauron bai nemi takardar izini kafin ya cije su ba. A nan lafiya riga ce kawai aka sa wa wariya.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke so ku tafi da shi. Baƙuncin dalili ba ya nuna ingancinsa ko rashinsa. Na kyanwa yana ba da dariya amma yana da tushe, na sauro yana da kamar hankali amma ya ɓoye wata manufa. Muna ganin ma'auni huɗu ne ke rarrabewa. Na ɗaya, a rubuce dalilin yake tun kafin mutum ya sayi fili, ko kuwa sai da ya zo aka ƙago shi? Mai sayen fili kusa da dajin Surrey yana iya buɗe taswira ya ga layin mita 400 da idonsa. Na biyu, ana iya auna cutarwar da ake gudu, kamar yadda ake auna ruwa a ramin gwaji, ko kuwa ra'ayin ma'aikaci ne kurum? Na uku, wanda ya yi ɓarnar shi ke ɗaukar nauyin, ko kuwa an bar jaki ana dukan taiki, kamar yadda ya faru a kwarin Lugg? Na huɗu, akwai inda wanda aka hana zai ɗaukaka ƙara? Ailan ta kafa hukuma ta musamman don haka a 1977, aka sāke mata suna da tsari a 2025, a Ingila kuwa sufetocin gwamnati ke sauraron irin wannan ƙara.

'Yan'uwa, hana gini a bakin kogi ko kan burtali ko kusa da rijiyar gari yana iya zama alheri ga mutum dubu, ko da ya ɓata wa mutum ɗaya rai. Haka nan hani marar tushe yana korar matashi daga ƙauyensu, ya rage yara a makarantar firamare, ya bar tsofaffi su kaɗai da gona. Duk ranar da takarda ta zo teburinku, ku rubuta dalilinku ƙarara da harshen da mai fili zai fahimta, ku nuna masa sashen dokar da kuka dogara a kai, ku faɗa masa abin da zai gyara idan akwai gyara, ku kuma nuna masa ƙofar da zai bi ya kai kukansa gaba. Dalilin da ma'aikaci ke jin kunyar rubutawa da sa hannunsa, bai cancanci ya hana kowa gida ba.

 Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.